Daga Ambulan Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Ɗalibin da Malaminsa Ke Nesa

Fuskar da ke jikin takardar naira goma ta Alvan Ikoku ce, malamin makaranta ɗan asalin Arochukwu a kudu maso gabashin Najeriya. A shekarar 1928, yana koyarwa a wata kwalejin horar da malamai a garin Awka, ya sami digiri a fannin falsafa daga Jami'ar Landan. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a Najeriya, shi kuma bai ajiye aikinsa ya tafi Ingila zaman aji ba. Littattafai ya nema, ya yanka wa kansa lokaci, ya karanta, sannan ya zauna jarrabawar da aka shirya a ƙetaren teku.

Bayan shekara 92, a watan Maris na 2020, annobar korona ta sa gwamnatin tarayya ta rufe makarantu, daga bisani aka umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Ɗalibai da yawa na riƙe da wayar da za ta iya sauke littattafan da Ikoku bai taɓa gani ba tsawon rayuwarsa. Duk da haka, a mafi yawan jami'o'in gwamnati shekarar ta shuɗe ba a yi wani karatun kirki ba. Dalilan da aka fi ambata sanannu ne: yajin aikin malamai, tsadar data, rashin wutar lantarki. Dukkansu gaskiya ne. Sai dai akwai wata tambaya da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato ko an taɓa koya wa ɗalibin yadda zai yi karatu idan babu mai tsaya masa a ka. Tarihin karatu daga nesa, wanda ya doshi shekara 200, kusan dukkansa a kan wannan tambaya yake juyawa.

Zamanin ambulan da kan sarki

A 1840 Ingila ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa, ya zama da kan sarki na kwabo ɗaya za a kai ta ko'ina a cikin ƙasar. Wani malami mai suna Isaac Pitman, wanda ya ƙirƙiro wata hanyar rubutun gaggawa da sakatarori suka daɗe suna aiki da ita, ya hango dama a nan. Sai ya riƙa aika wa ɗalibai darasi a kan 'yan katuna, su juya ayoyin Baibul zuwa wannan rubutu su mayar masa, ya gyara ya sake aika musu. Abin lura a tsarin nasa shi ne wasiƙar tafiya biyu take yi. Ɗalibi na karatu shi kaɗai, amma ya san akwai idon da zai duba aikinsa.

A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe wata ƙofa mai faɗi: ta yarda mutum ya zauna jarrabawarta ya karɓi digirinta ko da bai yi zama a wata kwalejinta ba. Ga irin waɗannan ɗalibai, jarrabawa kawai jami'ar take shiryawa, koyarwa kuwa ba ruwanta. Wannan giɓi ne 'yan kasuwar ilimi suka cike da kwalejojin koyarwa ta wasiƙa, irin su Wolsey Hall da aka kafa a Oxford a 1894, da Rapid Results College da ta zo daga baya. Tun 1887 aka fara zama jarrabawar Landan a Legas. Da yake sai a 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, an shafe shekara 60 wannan ita ce babbar hanyar da ɗan Najeriya marar halin tafiya Turai zai bi ya kai ga digiri.

Yadda abin yake, ɗalibi zai aika kuɗi ta gidan waya, a aiko masa da darussa a cikin ambulan. Ya karanta, ya amsa tambayoyin da ke ƙarshen darasi, ya mayar. Jirgin ruwan da ke ɗaukar wasiƙu tsakanin Legas da Liverpool kan yi kimanin mako biyu a hanya, saboda haka kuskuren da mutum ya yi yau, sai bayan wata guda ko fiye zai ga gyaransa. Galibin masu wannan karatu akawuna ne da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa, mutanen da suka wuni a wurin aiki, suka dawo suka kunna fitilar kananzir. Obafemi Awolowo na cikinsu. Ya yi aikin akawu, ya yi aikin jarida, ya shiga fataucin koko da harkar sufuri har kasuwancin ya taɓa rushe masa, amma a 1944 ya kammala digirin kasuwanci na Landan daga gida, sannan ya haye Ingila ya zama lauya a 1946.

Ana yawan kawo irin waɗannan labarai don a yi wa matasan yau gori, a ce mutanen da sun yi da fitila, ku kun kasa da intanet. Gorin na da rauni a wuri ɗaya: tarihi sunayen waɗanda suka kai gaci ya adana. Wanda ya biya kuɗin darasi goma ya tsaya a na uku, ko ya faɗi jarrabawar share fage sau biyu ya haƙura, ba a sa fuskarsa a takardar kuɗi. Ko Nelson Mandela, wanda babu mai shakkar ƙarfin zuciyarsa, ya yi rajistar karatun lauya da Jami'ar Landan yana kurkuku amma bai kammala da ita ba. Hukumomin gidan yari sun taɓa hana shi karatu na tsawon shekara huɗu, kuma sai a 1989 ya sami digirin daga Jami'ar Afirka ta Kudu, wadda ita ma daga nesa take koyarwa. Himma ita kaɗai ba ta isa, sai hali ya ba da dama.

A Arewacin Najeriya kuwa, masu bin wannan hanya ba su da yawa. Turawan mulkin mallaka sun taƙaita ilimin boko a yankin, Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ɗalibai ƙalilan take ɗauka, kuma jarrabawar Landan na buƙatar Ingilishi mai zurfi. Amma wannan ba ya nufin ƙasar Hausa ba ta san ɗalibi mai jan ragamar karatunsa da kansa ba. Ta san shi tun kafin zuwan gidan waya.

Zaure da 'Yan Taru

Bayan yaro ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, idan yana son ci gaba sai ya koma makarantar ilimi, wadda akasari a zauren malam ake yin ta. A nan babu rajista, babu ƙararrawa, babu jarrabawar ƙarshen zango. Kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa. Wani na Ahalari, wani na Ishmawi ko Iziyya, wani ya kai Risala, wani na fama da Muhtasar. Idan layi ya zo kansa ya karanta gwargwadon abin da zai iya ɗauka, malam ya fassara ya yi bayani, sauran na saurare suna ƙaruwa. Kafin ya zo ya yi muɗala'a, bayan ya koma ya yi bita. Shi yake yanke shawarar yawan abin da zai biya a rana, shi yake zaɓar littafin da zai shiga idan ya sauke wannan, kuma idan ya ga ya kwashi abin da zai iya a wurin wannan malami, sai ya ɗaure kayansa ya nufi wani gari. Mai neman hadda ya yi gabas, mai neman nahawu da lugga ya nufi Zariya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuki, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne.

Wannan 'yanci ne mai yawa, amma yana da shinge. Akwai lokaci sananne, bayan asuba ko bayan la'asar, da kowa ya san ana zama. Akwai abokan karatu da za su lura idan mutum bai zo ba. Akwai malami da zai tsayar da shi nan take idan ya karya wasali. Ga kuma unguwa da ke ganin girman mai littafi a hammata. Ɗalibin zaure da kansa yake tafiya, amma a kan hanyar da jama'a suka share masa.

Misali mafi kusa da abin da ake kira karatu daga nesa a yau shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Matsalar da ta fuskanta ita ce ta matan karkara masu aure da renon 'ya'ya, waɗanda ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato neman ilimi ba. Sai ta tsara darussan addini da tarbiyya da tarihi a cikin waƙoƙi, da Fulatanci da Hausa, yadda za a haddace su a rera ana aikin gida. Ta naɗa dattawan mata masu hankali a matsayin jaji, tana ba kowacce malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffin mata da 'yan mata su zo wurinta, su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba. Su ne ake kira 'Yan Taru, kuma binciken Jean Boyd da Beverly Mack ya nuna tsarin ya ci gaba bayan rasuwarta. Duk wanda ya duba shi da idon mai tsara karatu zai ga an yi darasin daidai da halin mai koyo, an sa mutum a tsakani, an haɗa masu koyo a ƙungiya, kuma ana komawa ga malama lokaci zuwa lokaci.

Lokacin da gwamnati ta shigo

Karatu daga nesa ya fita daga hannun 'yan kasuwa ya zama aikin hukuma a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. A 1963 Harold Wilson, wanda ya zama firaministan Birtaniya a shekarar da ta biyo, ya kawo shawarar a kafa jami'ar da za ta koyar ta rediyo da talabijin. An kafa ta a 1969, ta ɗauki ɗalibanta na farko, kimanin 25,000, a 1971, ba tare da neman wata takardar shaida kafin shiga ba. Shirye-shiryenta a BBC ne suka fi jan hankalin duniya, amma ƙashin bayanta wani abu ne daban: kowane ɗalibi na da malami mai duba aikinsa ya rubuta masa sharhi, akwai cibiyoyin haɗuwa a garuruwa, akwai kuma zaman mako guda a lokacin bazara. Masu tsara ta sun fahimci cewa wanda ya daɗe da barin makaranta ba zai iya da littafi da akwatin talabijin kaɗai ba.

A Najeriya buƙata ce ta tilasta. A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa, ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci, kuma ba zai yiwu a kwashe waɗanda ke koyarwa a kai su kwaleji a bar yara ba kowa ba. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin ta horar da malamai suna bakin aikinsu. Ana ba su littattafan da aka rubuta don mai karatu shi kaɗai, sannan su haɗu da masu koyarwa a ƙarshen mako da lokacin hutu a wata makaranta kusa da su. Jami'ar Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ma sun buɗe sassan koyarwa ta wasiƙa a shekarun 1970.

Shugaba Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya so a wuce nan. A watan Yuli na 1983 aka kafa jami'ar karatu daga gida ta ƙasa bisa doka. Ba ta cika shekara ba: sojoji sun kifar da gwamnatin a ƙarshen Disamba, a watan Afrilu na 1984 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da jami'ar. Haka ta kwanta har 2002, lokacin da Obasanjo, a zuwansa na farar hula, ya farfaɗo da ita da sunan da aka san ta da shi yanzu, NOUN. Daga baya shi da kansa ya zama ɗalibinta, har ya kammala digirin digirgir a ilimin addinin Kirista a 2017, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ke shugabantar ta.

Waɗannan shekaru 18 sun bar tabo. A daidai lokacin da wasu ƙasashe ke tara ƙwarewa wajen rubuta darasi don mai karatu shi kaɗai da horar da masu duba aikinsa, a Najeriya an saba da kallon karatu daga nesa a matsayin abin da mutum ke komawa idan ya rasa gurbi. An shafe shekaru ana taƙaddama kan ko masu digirin NOUN za su yi wa ƙasa hidima, da ko masu digirinta na shari'a za su shiga makarantar horar da lauyoyi, har ta kai ga an yi wa dokarta gyara a 2018. Sauran jami'o'i kuwa, akasarinsu ba su ga wani abin koyi a wurinta ba.

Abin da masu bincike suka gano

Yayin da ake wannan, masana ilimi na ƙoƙarin gane abin da ke sa wani ya dage wani ya watsar. A 1975 Ba'amurke Malcolm Knowles ya fitar da wani ɗan littafi kan karatun da ɗalibi ke jan ragamarsa. A bayaninsa, irin wannan ɗalibi shi ne mai gano abin da bai sani ba, ya sa wa kansa manufa, ya nemo littafi ko mutumin da zai taimake shi, ya zaɓi hanyar da zai bi, sannan ya auna ko ya isa inda ya nufa. Michael Moore, wanda ya taɓa aikin ilimin manya a gabashin Afirka, ya ƙara da cewa nisan da ke cutar da ɗalibi ba da mil ake auna shi ba. Gwargwadon ƙarancin zance tsakaninsa da malami, gwargwadon nisansa, kuma gwargwadon nauyin da zai ɗauka da kansa. A wannan ma'auni, ɗalibin da ke zaune a bayan ɗakin lacca mai mutum dubu ya fi ɗalibin Pitman nisa da malaminsa.

Zuwan intanet ya ba da damar a gwada wannan da alƙaluma. A 2010 wasu masu bincike a Taiwan suka auna ɗaliban jami'a 1,051 ta fuska biyar: iya aiki da kwamfuta da intanet, sha'awar koyo, iya tattaunawa ta intanet, iya tsara wa kai karatu, da iya riƙe kai kada wasu abubuwa su ɗauke hankali. Ɗaliban sun yi fice a ukun farko, suka yi rauni a biyun ƙarshe. An kuma ga cewa 'yan ajin sama sun fi 'yan ajin ƙasa iya tsara wa kansu karatu. Wannan a ƙasar da wuta da intanet ba su zama abin kuka ba ke nan, kuma yana nuna abu biyu: iya latsa na'ura daban, iya karatu da ita daban, sannan wannan iyawa da sannu ake samun ta.

Darasi mafi girma ya zo daga kwasa-kwasan intanet na kyauta da ake kira MOOC. A 2011 wasu malamai biyu na Jami'ar Stanford suka buɗe kwas kan ƙirƙirarriyar basira ga duk mai so, mutum 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kammala. Aka yi ta hasashen cewa ƙarshen jami'a mai gini ya zo. A 2019 mujallar Science ta buga wani nazari kan kwasa-kwasan jami'o'in Harvard da MIT a dandalin edX, wanda ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu rajista suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018, kuma galibin masu cin gajiyar daga ƙasashe masu arziki suke. An buɗe ƙofa ga kowa, amma waɗanda suka riga suka iya tafiya su ne suka shige.

Ranar tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da aka nemi yi ke nan a Najeriya a 2020. A ranar 23 ga Maris, daidai lokacin da ake rufe makarantu, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin sai baba ta gani, wanda bai ƙare ba sai a ƙarshen Disamba. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba da lacca ta Zoom da makamantansa, na gwamnati kuwa suka tsaya cik. A 2022 aka sake wani yajin daga Fabrairu zuwa Oktoba. Cikin shekara uku, ɗalibin jami'ar tarayya ya yi kimanin wata 17 a gida.

Ko da ba a yi yajin aiki ba, da wuya abin ya tafi daidai. Lacca ta bidiyo na cin data, wayar da ba a yi wa caji ba kuwa ba ta da amfani, kuma ɗalibin da ya koma gidan da mutum goma ke kwana a ɗaki biyu ba shi da inda zai keɓe. Ɗaliba mace na komawa gida aikin girki da reno ke jiran ta. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, matakin da ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk wanda ke maganar shirin ɗalibi bai sa waɗannan a lissafi ba, zalunci yake yi masa.

Amma a ƙarƙashin wannan akwai tarbiyyar da makaranta ta yi wa ɗalibin tun yana ƙarami. Daga firamare zuwa sakandare, malami ne ke rubutu a allo yana kwafa. Don shiga jami'a ya haddace tambayoyin shekarun baya. Tun 2015 da kwamfuta ake zama jarrabawar JAMB, amma abin da ake koya masa shi ne ya danna ɗaya daga cikin amsoshi huɗu. A jami'a kuma sau da yawa shifta ake yi masa, ko a ba shi takardun lacca da ake kira handawut, ya ajiye su sai saura mako biyu jarrabawa ya kwana yana haddacewa, ya mayar wa malami abinsa kamar yadda ya karɓa. Ba kasafai ake tambayar sa abin da yake son sani ba, kuma takardar gwajinsa ba ta cika dawo masa da gyara ba, maki kawai yake gani a allon sanarwa. Wanda aka yi wa shekara 14 ana riƙe masa hannu, rana ɗaya aka sake shi aka ce ya yi gudu.

Abin mamaki, a cikin waɗannan watanni na zaman gida an ga ɗalibai da yawa suna yin abin da aka ce ba su iya ba. Wasu sun koyi rubuta manhajar kwamfuta ko zane ko gyaran waya daga YouTube, wasu sun koma zaure sun ɗauki littafi, wasu sun buɗe zaurukan WhatsApp da Telegram suna rarraba littattafai suna yi wa juna bayani da saƙon murya. Idan aka duba da kyau, a duk inda abin ya ɗore akwai manufa da mutum ya zaɓa da kansa, akwai abokan tafiya, akwai kuma sakamako da ake gani da wuri: manhajar ta yi aiki ko ta ƙi, wayar ta tashi ko ba ta tashi ba. Abubuwan da aji ya hana su ne suka samu a waje.

Abin da ke cikin ambulan

Karatu ta intanet ba zai koma baya ba. Duk shekara masu neman shiga manyan makarantu sun ninka guraben da ake da su, jami'o'i irin su Ahmadu Bello na da cibiyoyin karatu daga nesa, kuma a 2023 an ba wasu jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu lasisi, ciki har da ɗaya a Sakkwato. Tun ƙarshen 2022 kuma manhajoji irin su ChatGPT sun shigo, waɗanda za su iya yi wa ɗalibi bayani da tsakar dare, za su kuma iya rubuta masa aikin gida ba tare da ya karanta layi ɗaya ba. Wanne daga cikin biyun zai yi da su, ya danganta da ko ya san bambancin samun amsa da fahimtar ta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan iya tsara wa kai karatu abu ne da ake koya, to wurin koyar da shi shi ne shekarar farko ta jami'a, in ma ba tun sakandare ba: yadda ake raba littafi a kan makonni, yadda ake rubuta taƙaitawa da kalmomin kai, yadda mutum zai rufe littafi ya gwada kansa, yadda ake tantance abin da aka gani a intanet. Darasin da za a tura wa ɗalibin Gusau ko Gashuwa ya kamata ya zama rubutu ko murya marar nauyi da zai sauke sau ɗaya ya karanta ko babu sabis, kamar yadda Nana Asma'u ta zaɓi waƙa saboda ta san halin masu sauraron ta. Ƙananan ƙungiyoyin karatu, kowacce da wani ɗan ajin sama a matsayin jaji, ba sa buƙatar kasafin kuɗi mai yawa.

Abu mafi tsada shi ne wanda Pitman ya fara da shi a 1840, wato mutumin da zai karanta aikin ɗalibi ya mayar masa da gyara. Jami'a na iya sayen manhaja cikin mako guda, amma malami ɗaya ba zai iya duba rubutun ɗalibai 800 ya yi wa kowa sharhi ba, sai an ɗauki mataimaka an biya su. Saboda haka, duk lokacin da wata makaranta ta sanar da cewa ta mayar da wani kwas intanet, kafin a tambayi ɗalibai ko sun shirya, akwai tambaya biyu da iyaye da ɗalibai ke da haƙƙin yi mata: wa zai karanta abin da ɗalibi ya rubuta, kuma cikin kwana nawa zai dawo masa.